Ƙarfe a Cikin Ƙashi: Sauyin Kwatangwalo Marar Siminti da Abin da Kan Biyo Bayansa a Watannin Farko

Duk wanda ya san Jimeta, ya saba da hada-hadar babbar kasuwarta da cunkoson Keke Napep a hanyoyin Jambutu da Doubeli, lalle idonsa ya taɓa sauka a kan saurayi ko budurwa waɗanda ba su cika shekara 30 a duniya ba, amma tafiyarsu irin ta tsofaffi ce, suna jan ƙafa ɗaya, suna karkata zuwa gefen da ke ciwo, ba su iya hawa matakalar shago sai sun dafa bango. In an tambayi mutanen gidansu sai su ce sanyi ne ya kama ƙugu, wasu su ce iska ce, wasu kuma su ce tsohon targaɗe ne da ba a gyara ba. Alhali kuwa sau da yawa haƙiƙanin al'amarin shi ne kan ƙashin cinya ya mutu a cikin kwatangwalo, ya rushe, har ƙashi yana gugar ƙashi, kuma babu shafe-shafe ko jiƙe-jiƙe da zai mayar da shi yadda Allah Ya halicce shi tun farko. Maganin da likitocin zamani suka samo wa wannan larura, in ta kai matuƙa, shi ne a cire gaɓar da ta lalace a sa ta ƙarfe a gurbinta, kuma a shekarun nan irin da aka fi zaɓa wa matasa shi ne wanda ake kafawa cikin ƙashin cinya ba tare da siminti ba. Ya kamata mai karatu ya san kaifiyyar wannan aiki da abin da kan biyo bayansa a makonni da watannin farko, domin a cikin waɗannan kwanaki ne yakan tabbata ko ƙarfen zai zauna shekaru masu yawa ko kuwa za a koma ɗakin tiyata, kuma babban rabo daga cikin wannan al'amari yana hannun majinyaci da danginsa.

Halittar gaɓar da sababin lalacewarta

Kwatangwalo ita ce gaɓar da ta haɗa ƙashin cinya da ƙashin ƙugu. Kan ƙashin cinya mulmulalle ne, yana zaune a cikin wani gurbi mai zurfi, an lulluɓe fuskokin biyu da guringuntsi mai santsi domin su riƙa juyawa ba tare da gogayya ba, kuma duk taku ɗaya da mutum ya yi nauyin da ke sauka a kan wannan gaɓa yakan kai ninki 2 zuwa 3 na nauyin jikinsa. Amma duk da wannan ƙarfi tana da rauni guda, watau jinin da ke ciyar da kan ƙashin yana bi ne ta wasu siraran jijiyoyi da ke hawa ta wuyan ƙashin, waɗanda in suka toshe ko suka tsinke babu wata hanya mai wadatarwa da jini zai zagaya ya isa wurin.

A ƙasashen Turai galibin masu bukatar sauyin kwatangwalo tsofaffi ne da guringuntsinsu ya cinye saboda yawan shekaru. A ƙasarmu kuwa lamarin ya sha bamban, domin babban sababi a tsakanin matasa shi ne amosanin jini, wanda aka fi sani da sikila. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan larura, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ita kowace shekara a ƙasar nan, kuma kusan mutum 1 cikin 4 yana ɗauke da ƙwayar gadonta ko da shi kansa lafiyarsa ƙalau. Ƙwayoyin jinin mai sikila sukan lanƙwashe su toshe waɗancan siraran jijiyoyi, kan ƙashin ya rasa abinci, ya mutu daga ciki, sa'an nan nauyin jiki ya danne shi ya rushe, ƙafa ta gajarce. Akwai wasu sabubba bayan wannan: haɗarin mota da ya gocar da gaɓar ko ya karya wuyan ƙashin, tarin fuka da ya sauka a ƙashi, yawan shan giya, da kuma shan magungunan nan na sitiroyid ba bisa umurnin likita ba, irin waɗanda wasu 'yan mata kan saya domin ƙiba suna kiransu sha-ka-fashe, ba tare da sanin cewa suna iya kashe kan ƙashin cinya ba.

Daga hauren giwa zuwa siminti

Neman gyara abin da ya lalace a jiki da wani abu na waje tsohon al'amari ne, kuma shari'a ba ta hana shi ba, domin malaman hadisi, cikinsu har da Abu Dawuda da Tirmizi, sun ruwaito labarin sahabin nan Arfaja ɗan As'ad wanda aka yanke wa hanci a yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi masa izini ya sa na zinariya. A fagen kwatangwalo kuwa, wani likitan Jamus mai suna Themistocles Gluck ya jarraba sassaƙa gaɓa da hauren giwa wajen 1891, Philip Wiles ya jarraba ta ƙarfe a Landan a 1938, amma duk waɗannan ba su ɗore ba, saboda mas'ala guda da ta gagari kowa, watau yadda za a sa abin da ba shi da rai ya zauna daram a cikin ƙashi mai rai.

Wanda Allah Ya ba nasarar warware wannan mas'ala shi ne John Charnley, likitan ƙashi a asibitin Wrightington na ƙasar Ingila. Ya ɗauko wani irin kwaɓi da likitocin haƙori ke aiki da shi, wanda ake kira simintin ƙashi ko da yake ba shi da dangantaka da simintin magina, ana kwaɓa shi a ɗura cikin ramin ɓargo, a tura ƙarfen a ciki, cikin minti 10 zuwa 15 ya sandare ya cike duk wani giɓi. Gurbin roba da ya fara sa wa majinyata ya cinye cikin 'yan shekaru, har sai da ya sake yi wa ɗaruruwan mutane aiki, amma bai karaya ba, a watan Nuwamba na 1962 ya koma ga wata roba mai tauri da ake kira foliyetilin, kuma daga wannan lokaci ne aikin ya zama abin dogaro, har mujallar likitoci ta Lancet ta kira shi aikin tiyatar ƙarni a 2007.

To, da shekaru suka tafi sai aka lura cewa a jikin matasa masu yawan zirga-zirga simintin kan tsattsage, ƙarfen ya soma girgiɗi, ƙashin da ke kewaye da shi ya zaizaye. An ɗora wa siminti laifin duka, ko da yake daga baya bincike ya nuna cewa ɓarɓashin robar da ke gogewa shi ne ya fi yin ɓarna. Wannan zargi dai shi ya sa masana suka koma neman hanyar da ƙashi da kansa zai riƙe ƙarfe, kuma sun sami hujja a wurin wani likitan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, wanda a 1952 ya sa wani ɗan bututu na ƙarfen taitaniyom a ƙashin zomo domin nazarin gudanar jini, da ya zo cirewa ya tarar ƙashi ya manne da shi ya ƙi rabuwa. A kan wannan asasi aka ƙera ƙarafan zamani marasa siminti, kamar na Zweymüller da aka fara sawa a Biyana a 1979, da Corail na ƙasar Faransa a 1986.

Yadda ƙashi ke riƙe ƙarfe

Gaɓar da ake sawa kashi huɗu ce: doguwar sanda ta ƙarfe da ke shiga ramin ɓargon ƙashin cinya, ƙwallo na ƙarfe ko na tangaran da ke zama a kanta, kwano na ƙarfe da ake kafawa a ƙashin ƙugu, da shimfiɗar roba ko tangaran a cikin kwanon inda ƙwallon ke juyawa. Sandar ce abin maganarmu. Bayan likita ya yanke mataccen kan ƙashin, sai ya riƙa shigar da magagari cikin ramin ɓargo, daga ƙarami zuwa babba, har ya kai girman da ya cika ramin ya ƙi motsi, sa'an nan ya ɗauko sanda daidai da wannan girma ya buga ta da guduma a hankali har ta kafu. Wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya ga yadda ake kafa ruwan fartanya a ƙota ya fahimci rabin aikin, domin matsi ne kaɗai ke riƙe da ita a ranar farko. Sai dai ƙota busasshen ice ce, kullum daɗa sakewa take yi, ƙashi kuwa rayayye ne, in an ba shi dama kullum daɗa kamawa yake yi.

Hikimar da ke cikin ƙirar ita ce ba a barin jikin sandar da santsi. Akan yi mata kaushi da ƙananan ƙofofi waɗanda faɗinsu bai kai rabin milimita ba, sau da yawa kuma a fesa mata wani sinadari na kalsiyam da fosfet wanda shi ne ainihin ma'adinin da ƙashin ɗan Adam ya ginu da shi, ta yadda ƙwayoyin ƙashi za su ɗauke ta kamar 'yar gida, su yaɗu a kanta, su kutsa cikin ƙofofin. Wannan tsiro yakan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin ya yi ƙwari, kuma yana da sharaɗi mai tsanani: dole sandar ta zauna shiru. Masu bincike sun auna sun gano cewa in motsin da ke tsakanin ƙarfe da ƙashi ya wuce maikiron 150, watau abin da bai kai kashi ɗaya cikin shida na milimita ba, to maimakon ƙashi sai wata tsoka mai yauƙi ta tsiro a wurin, wadda ba ta da ƙarfin riƙe nauyin mutum. Ashe ke nan ƙarfe mai siminti yana samun cikar ƙarfinsa tun majinyaci bai bar gadon tiyata ba, marar siminti kuwa sai ya yi wata uku yana neman nasa, amma in ya samu, riƙon na ƙashi ne mai rai wanda ke sabunta kansa muddin mai shi yana raye.

Sakamakon farko: alheri da abin tsoro

Farkon abin da majinyaci kan shaida, kuma shi ne mafi girman fa'ida, shi ne gushewar wancan tsohon ciwo na matsematsi da ya hana shi barci shekara da shekaru. Zafin yanka yana nan na ɗan lokaci, amma gugar ƙashi da ƙashi ta ƙare tun daga ranar aikin. Galibi akan tashe shi tsaye a ranar ko washegari da taimakon ma'aikatan gashin ƙashi, ya fara taku da ƙarfen dogarawa, daga baya ya koma sanduna biyu, sa'an nan ɗaya. Wasu likitoci, in sun gamsu da yadda sandar ta kafu, sukan ba da izinin taka ƙafar gaba ɗaya tun farko, wasu kuma su ce a rage mata nauyi har mako 6, kuma hukuncin wanda ya yi aikin shi ne abin bi, domin shi ne ya ji ƙwarin ƙashin da hannunsa.

Likitoci ba su dogara da cewar majinyaci ya ji sauƙi kawai, suna da ma'auni. Wanda ya fi shahara shi ne na William Harris, likitan birnin Boston ta Amurka, wanda ya tsara a 1969 bisa maki 100: 44 na rashin ciwo, 47 na iya tafiya da hidimomin yau da kullum kamar hawa bene da sa takalmi, sauran 9 na miƙewar ƙafa da yalwar motsinta. Ƙasa da 70 sakamako ne marar kyau, 80 zuwa 89 mai kyau, 90 zuwa sama kuwa madalla. Mutumin da kwatangwalonsa ya rushe yakan zo da maki ƙasa da 50, kuma abin da aka saba gani in aiki ya yi kyau shi ne ya haura 80 kafin shekara ta zagayo. Tare da wannan akan ɗauki hoton ƙashi a gwada da na ranar farko. In sandar ta nutsa milimita 1 ko 2 a makonnin farko sa'an nan ta tsaya, wannan zama ne take gyarawa, ba abin damuwa ba ne. In kuwa hoto bayan hoto yana nuna tana ci gaba da nutsawa, to alama ce ƙashi bai kama ta ba.

Amma wajibi ne a faɗi illolin kamar yadda aka faɗi fa'idodin. Babbar illar da ta keɓanta da marar siminti ita ce tsagewar ƙashin cinya lokacin bugawa. Wani nazari da asibitin Mayo na Amurka ya fitar a 2016, wanda ya tattara ayyuka sama da 32,000 na shekara 40, ya nuna cewa hakan na faruwa ga kimanin mutum 3 cikin 100 a marar siminti, alhali a mai siminti bai kai 1 cikin 100 ba. In likita ya gani nan take yakan ɗaure wurin da waya, a jinkirta taka ƙafar, kuma galibi ƙarshen ya yi kyau. Illa ta biyu ita ce ciwon tsakiyar cinya, daidai inda ƙarshen sandar ya tsaya, saboda ƙarfe ya fi ƙashi tauri, kuma ga mafi yawan mutane yakan lafa cikin shekara ɗaya ko biyu. Sauran illolin kowane irin sauyin kwatangwalo yana da su: gocewar ƙwallo daga kwano, wadda ta fi aukuwa a wata ukun farko kafin tsokoki su warke, daskarewar jini a jijiyar ƙafa, wadda saboda ita ake ba da maganin tsinka jini na kimanin wata guda, bambancin tsawon ƙafafu, da shigar ƙwayoyin cuta, wadda ba ta cika wuce mutum 1 ko 2 cikin 100 ba amma ita ce mafi muni, domin ƙwayar cuta in ta maƙale a jikin ƙarfe magani ba ya isa gare ta da sauƙi, wani lokaci sai an cire komai an sake.

Mai sikila yana da nasa hukunci na musamman. Ramin ɓargonsa sau da yawa ya ƙuntata ko ya toshe da ƙashi mai tauri saboda toshewar jinin da ta sha faruwa a ciki, don haka buɗe shi yana bukatar haƙuri da gwaninta, kada magagari ya ɓulla ta gefe. Haɗarin ƙwayoyin cuta ya fi yawa a gare shi, haka nan ciwonsa na iya tashi bayan aiki har ya kama ƙirji. Saboda haka akan shirya shi tun da wuri tare da likitan jini, a ƙara masa jini in akwai bukata, a wadata shi da ruwa da iskar shaƙa, a kiyaye shi daga sanyi, a kuma tabbatar babu gyambo a ƙafa ko ruɓaɓɓen haƙori ko cutar fitsari kafin a sa wuƙa. Duk da waɗannan wahalhalu, tajribar likitoci a ƙasashe da dama ta nuna cewa marar siminti ya fi zama lafiya a ƙashin mai sikila, domin siminti ba ya samun kyakkyawan riƙo a irin wannan ƙashi.

Wanda ya dace da shi

Kada mai karatu ya ɗauka cewa sabon abu ya fi tsoho a kowane hali. Sanda marar siminti tana bukatar ƙashi mai kauri da zai matse ta kuma ya tsiro a kanta, irin na matashi da magidanci. Tsohuwar da ta zame a bayan gida wuyan ƙashin cinyarta ya karye, ƙashinta ya riga ya yi laushi, raminsa ya yi faɗi, ita siminti ya fi dacewa da ita, kuma wani babban gwaji da aka yi a Birtaniya aka buga a 2022 ya tabbatar cewa tsofaffi masu irin wannan karaya sun fi jin daɗin rayuwa kuma ƙashinsu bai cika sake karyewa ba in an sa musu mai siminti. A nan ya kamata a yi wa masu ɗori adalci a kuma faɗa musu gaskiya: sun gaji sana'a mai amfani, sun ɗora hannaye da ƙafafu ba adadi, amma karayar wuyan ƙashin cinya tana can cikin gaɓa inda kara da tsumma ba su kaiwa, kuma watannin da akan ɓata ana jiran ta haɗe su ne ke kwantar da tsoho kwanciyar da ba ya tashi.

Bayan an dawo gida

Mutumin Jimeta da ke fama da ciwon matsematsi mai sa ɗingishi, ƙofarsa ta farko ita ce Asibitin Ƙwararru na jiha da ke cikin garin, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola, wanda a da yake Cibiyar Lafiya ta Tarayya, inda za a duba shi a ɗauki hoto. Kuma gaggawa tana da riba, domin in an gano mutuwar ƙashin kafin ya rushe akwai ƙaramin aiki na huda shi a rage matsin da ke ciki, wanda kan jinkirta babban aikin. Da yawa daga mutanen Arewa Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano suke nufa, wanda aka kafa tun 1959, masu hali kuma har Indiya da Masar suke zuwa. Ko ina dai aka yi aikin, a gida ake jinyar wata ukun da ƙashi ke kama ƙarfe, kuma gidajenmu ba a tsara su domin wannan jinya ba.

Mu mutane ne masu zaman tabarma, masu tsuguno a masai da wurin alwala, masu cin abinci a ƙasa, kuma waɗannan su ne ainihin abubuwan da likita kan hana a makonnin farko, domin lanƙwasa cinya ƙwarai ko harɗe ƙafafu shi ke fitar da ƙwallo daga kwano. Saboda haka tun kafin a tafi asibiti ya kamata dangi su tanadi gado mai tsayi, da kujera mai tsayi mai hannu, da kujerar bayan gida ko da kafinta ne zai ƙera ta, su kuma gyara duk inda santsi yake a makewayi. Shiga Keke Napep, da ƙanƙantar wurin zamansa da girgizarsa a kan ramuka, abin jinkirtawa ne har likita ya yarda. Zafin Jimeta kuwa, wanda kan haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, yana busar da jiki, kuma ƙarancin ruwa yana tayar da sikila yana kuma taimakon daskarewar jini, don haka yawan shan ruwa yana cikin magani.

Salla ita ce ta fi damun mutane da yawa, har wasu su saci jiki su yi sujada a ƙasa mako biyu bayan aiki saboda tsoron kada ibadarsu ta tawaya. Wannan kuskure ne a likitance, kuma a fiƙihu ma babu bukatarsa, domin littattafan da muka tashi da su a makarantun zaure, irin su Ahalari da Risala, sun yi bayanin sallar majinyaci filla-filla, cewa wanda tsayuwa ta gagare shi ya zauna, wanda zama ya gagare shi ya kishingiɗa, wanda bai iya ruku'u da sujada ba ya yi nuni. Rangwame ne daga Ubangiji, kuma karɓarsa ɗa'a ce. Haka nan 'yan'uwanmu Kirista masu durƙuso a coci su jinkirta shi. Da yawa sukan koma sallarsu ta ƙasa bayan watanni, amma lokacin komawar likita ne zai faɗe shi bisa ga irin yankan da ya yi da girman ƙwallon da ya sa. Alamomin da ba a kwana da su a gida kuwa su ne zazzaɓi, ruwa ko mugunya daga wurin ɗinki, kumburin ƙwauri mai zafi, sarƙewar numfashi, da ciwo na farat ɗaya tare da gajarcewar ƙafa.

Haƙƙin tambaya da wajibcin komawa

Aikin yana da tsada, kuɗinsa miliyoyin naira ne, domin daga waje ake shigo da ƙarafan da kuɗin ƙetare, kuma marar siminti galibi ya fi mai siminti kuɗi. Iyalin da suka sayar da gona ko shanu domin wannan aiki suna da haƙƙin su tambayi likita, cikin ladabi, wane iri zai sa da dalilin zaɓensa, sau nawa yake yin irin aikin, da wanda zai duba majinyaci in matsala ta taso bayan an koma Adamawa. Su kuma karɓi takardar da ke ɗauke da sunan kamfanin ƙarfen da lambarsa da girmansa su adana ta tare da hotunan farko, domin ranar da za a bukaci gyara, ko bayan shekara 20 ne, likitan da zai yi gyaran da ita zai fara.

Dalilin wannan nasiha shi ne kyakkyawan sakamakon farko bushara ce kawai. Wani nazari da Lancet ta buga a 2019 ya nuna cewa cikin kowace gaɓa 100 da aka sa, kimanin 89 suna nan bayan shekara 15, 70 bayan shekara 20, 58 bayan shekara 25. Ga dattijo mai shekara 70 wannan ya wadatar, amma budurwa mai shekara 25 ta sani cewa mai yiwuwa ne a sake mata aiki sau ɗaya ko fiye a rayuwarta, kuma zaizayar ƙashi a gefen ƙarfe takan fara ne shiru babu ciwo, hoto ne kaɗai ke tona ta tun gyaranta yana da sauƙi. Waɗannan alƙaluma ma an same su ne saboda wasu ƙasashe suna rubuta kowace gaɓa da aka sa a kundi guda suna bin ta har ƙarshe. Suwidin ta fara tun 1979, Malawi kuma, wadda ba ta kai mu arziki ba, ta buɗe nata a 2005. Ya dace asibitocinmu da hukumomin lafiya su ba irin wannan kundi muhimmanci, domin majinyatanmu matasa ne masu sikila masu zaman ƙasa, kuma sakamakon tsofaffin Turai ba zai gaya mana duk abin da muke bukatar sani game da su ba.

Kafin hukuma ta yi nata, akwai abin da ke hannun kowa. Masu niyyar aure su yi gwajin jini, domin yawancin waɗannan kwatangwalo da ke rushewa daga gadon sikila asalinsu yake. Iyayen mai sikila, in ya fara kukan matsematsi ko gwiwa yana ɗingishi, su kai shi hoto a wannan watan. Wanda kuma aka riga aka yi wa aiki ya riƙe ranakun komawa asibiti, na mako 6 da na wata 3 da na shekara, ko da tafiyar yini guda ce daga Jimeta zuwa Kano, ko da kuwa yana jin kansa garau. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kuma saka wa masu jinyarsu da alheri.